Mota 7 cikin wata 16: yadda wani bakanike ya kusa cinye jarinsa a harkar motocin hannu

## Mafari

Mutumin da wannan nazari ya shafa bakanike ne. Ya shekara 11 yana gyaran motocin fetur, shida a ƙarƙashin maigidansa, biyar yana cin gashin kansa. Inji da ƙafar mota su ne fanninsa, kuma in ya kasa kunne ga inji yana aiki, da wuya ya kasa faɗin inda ciwon yake. Wayoyin mota da giyar otomatik da aikin bodi kuwa, sai dai ya tura wa masu su.

Abin da ya ja hankalinsa zuwa saye da sayarwa a gabansa yake faruwa kullum. Dillali zai kawo masa mota tana tari, ya gyara ta cikin yini biyu, a biya shi ladan aikinsa, bayan mako biyu ya ji an sayar da ita da ribar da ta ninka ladan nan sau da yawa. Sai ya ga cewa tunda gyaran a hannunsa yake, babu dalilin da zai sa wani ya riƙa kwashe romon.

Domin lissafin ya fito fili, a nan an ɗauki jarin da ya fara da shi a matsayin kashi 100, kuma duk wani kuɗi da za a ambata an auna shi ne da wannan jari. Kashi 70 ajiyarsa ce ta shekaru. Kashi 30 rance ne daga yayansa, bisa sharaɗin zai mayar cikin wata shida. Ni na taya shi tattara lissafin daga baya, daga ɗan littafin da yake rubuta shige da ficen kuɗi da kuma rasidan da ya adana.

Shirinsa a lokacin gajere ne: ya sayi mota mai matsala da araha, ya gyara da hannunsa, ya sayar cikin mako uku, ya ci ribar kashi 15 a kowace. Ba shi da filin ajiye motoci nasa, sai wani lungu a garejin da yake aiki, wanda yake biyan haya a kai duk wata. Kayan aikinsa na hannu ne. Ba shi da na'urar da ake jona wa mota ta karanto matsalarta, ba shi da ma'aunin ƙarfin silinda.

## Wata na 1 zuwa na 2: motar farko

Ƙaramar mota ce mai silinda huɗu, inji lita 1.8, giyar hannu, mita tana nuna kilomita 168,000. Mai ita ya gaji da ita domin tana karkarwa a tsaye, tana kuma shan mai fiye da ƙima. Wani ya riga ya tsoratar da shi cewa injin ne ya tafi. Bakaniken ya tayar da ita, ya riƙa cire wayar koyil ɗaya bayan ɗaya. Da ya cire ta silinda ta biyu, sautin injin bai canja ba ko kaɗan. Nan ya san silinda uku ne ke aiki.

Ya saya a kan kashi 58. Ya sa koyil ɗaya da filogi huɗu, ya canja baƙin mai da matatarsa, ya sa sabon takalmin birki a gaba, aka wanke ta ciki da waje. Duka kashi 6. A kwana na 19 aka sayar a kan 74, dillali ya karɓi la'adar kashi 2. Riba kashi 8, jari ya koma 108.

Ribar ba ta kai 15 da ya tsara ba, amma bai damu ba. A littafinsa bai rubuta awannin da ya kashe a kan motar ba, bai kuma rubuta cewa bai duba takardunta da tarihinta ba sai bayan ya biya.

## Wata na 3 zuwa na 6: motar da ke zafi

Ta biyu ta fi girma: inji lita 2.4, giyar otomatik, kilomita 212,000. Irinta mai lafiya ana sayar da ita wajen kashi 88 a lokacin. An kira shi da yamma, ya tarar an riga an tayar da injin yana ɗumi. Mai motar ya ce masa, “Malam, fanka ce kawai ta tsaya, ni kuma tafiya ce a gabana.” Ya duba, lallai fanka ba ta juyawa. Ya zaga da motar kamar kilomita uku, allurar zafi ta fara hawa, ya kashe. Ya taya 58, aka ce albarka, suka daidaita a 62.

Gyaran ya bi hanyar da aka saba bi, daga mai sauƙi zuwa mai tsada. A makon farko ya gyara fanka ya canja tamostat, kashi 2. Zafin ya ragu amma ruwa yana raguwa. A mako na biyu ya ga lagireton yana tsattsafo ta gefe, ya canja shi, kashi 4. A mako na uku ya canja famfon ruwa, kashi 3. Duk da haka motar tana shanye lita ɗaya na ruwa a kowace tafiyar kilomita 60, kuma babu ɗigo ko ɗaya a ƙasa.

Sai wata safiya ya zo gareji da wuri, ya tayar da ita injin na sanyi. Ta kama da ƙyar, tana karkarwa na kusan rabin minti, farin hayaƙi mai kauri yana fita ta salansa. Ya buɗe murfin lagireto, ya ga ƙananan kumfa suna tasowa ɗaya bayan ɗaya ba sa yankewa. Ya ari ruwan gwaji daga wani abokin aikinsa, shuɗin ruwan nan da ake ɗorawa a bakin lagireto, wanda ke komawa rawaya in hayaƙin ƙonewar mai yana shiga cikin ruwan sanyaya inji. Cikin minti biyu ya koma rawaya. Gasket, shimfiɗar da ke toshe tsakanin kan inji da gangar jikinsa, ya ƙone.

Da ya sauke kan injin, wanda kanikawa ke kira top, aka ɗora masa miƙaƙƙen ƙarfe aka auna, sai aka samu ya lanƙwashe da milimita 0.15. A irin waɗannan injuna masu kan alminiyam, abin da ake yarda da shi bai cika wuce 0.05 ba. An kai an goge shi, an sa sabon gasket da sabbin kusoshi, kashi 9. Zafi ya tsaya, ruwa ya daina raguwa. Wannan a mako na bakwai ke nan.

Tsugune ba ta ƙare ba. Yana gwada ta kafin ya kai kasuwa sai ya lura baƙin mai yana sauka, kusan lita ɗaya a kilomita 800, ga shuɗin hayaƙi in an taka ta bayan ta daɗe a tsaye. A wannan karon ne ya fara auna ƙarfin silinda, da aron ma'auni: 150, 148, 110, 152 a ma'aunin psi. Ƙa'idar da aka saba bi ita ce kada bambancin silinda da 'yar'uwarta ya wuce kashi 10 cikin 100. Ya ɗiga ɗan mai a ramin filogin ta ukun ya sake aunawa, ta hau 140. Hawan nan shi ke nuna zoben fistin ne ya saki, domin man ya toshe gurbin na ɗan lokaci. Zafin da motar ta sha a hannun mai ita na farko bai tsaya a gasket ba.

Dole aka sake sauke kan injin, wanda ke nufin wani sabon gasket ɗin, aka ciro fistin aka sa sabbin zobba. Kashi 11. Jimillar gyara ta kai 29, hayar wuri da man gwaji da ƙananan abubuwa suka ci 3. Motar da aka saya a 62 ta tsaya masa a 94, alhali mai lafiyar ma 88 ce a kasuwa. Masu saye kuma da sun ga alamar an kwance inji sai su ja baya. A kwana na 104 ya sallama a 83, la'ada ta ɗauki 2. Asara kashi 13, jari ya sauko 95.

Ya kiyasta ya kashe kusan awa 70 a kan wannan mota, kuma a cikin makonnin nan ya mayar da aikin abokan hulɗarsa da dama domin hannunsa a cike yake. Wa'adin rancen yayansa ya cika, ya nemi a ƙara masa wata uku, aka ƙara.

## Wata na 7 zuwa na 9: motar da ba ta da laifi a ido

Darasin da ya ɗauka daga ta biyu shi ne ya guji mota mai ciwon inji. Saboda haka ta uku ya zaɓe ta ne domin injinta kamar agogo, fenti yana sheƙi, mita tana nuna kilomita 96,000 kacal. Shigowa da ita aka yi daga wata ƙasa ta hanyar gwanjo, ta bi hannu biyu kafin ta iso gare shi. Cikinta yana ƙamshin turaren mota mai ƙarfi, kafet ɗinta sabo fil. Ya saya a 71, yana sa ran 90. Tunda babu gyaran da za a yi, sai ya zuba kashi 5 a kwalliya: sabbin wili masu sheƙi, rigar kujeru, da goge fenti.

A kwana na tara gilashin ƙofar baya ya ƙi sauka. Bayan kwana biyu fitilar jakar iska ta kama a dashbod. A mako na uku yana cikin tafiya giya ta maƙale a ta uku ta ƙi canjawa, sai da ya kashe motar ya sake tayarwa. Washegari komai ya dawo daidai, bayan kwana biyu matsalar ta sake dawowa ta wata fuska.

Rewayan da ya kira, wato mai gyaran wayoyin mota, bai fara da dashbod ba. Ya tura kujerar direba baya, ya haska tocila a ƙarƙashi, ya nuna masa kusoshin da ke riƙe da layin kujerar: duk sun yi tsatsa, a wurin da ruwan sama ba ya kaiwa. Ya zare wani soket mai launin rawaya, haƙoran cikinsa sun yi kore-kore kamar tsohon kwabo. Ya ɗaga gefen sabon kafet ɗin, soson da ke ƙasa ya fito da busasshen laka mai laushi kamar gari. Sannan ya ja bel ɗin kujera har ƙarshensa, sai ga wani layin datti a gicciye, inda ruwa ya tsaya ya bushe. Ya ce, “Maigida, wannan motar ta kwana a ruwa. Har nan ya kawo.” Ya nuna tsayin kujera.

A nan ne bakaniken ya fara bincika lambar shasi, wadda ake kira VIN. Tun 1981 aka daidaita ta zuwa haruffa da lambobi 17, babu I da O da Q a ciki domin kada a rikita su da 1 da 0, kuma ana samunta a ƙasan gilashin gaba da jikin ginshiƙin ƙofar direba. Da ya biya aka ciro masa rahoton tarihin motar ta intanet, sai ga shi a rubuce: kamfanin inshora ya yanke cewa ta lalace sakamakon ambaliya, aka sayar da ita a gwanjo. Rahoton ya kuma nuna cewa shekara biyu kafin nan mitarta ta riga ta kai kilomita 141,000. Wato an juya mitar baya.

Wannan ba sabon abu ba ne a harkar. Bayan guguwar Katrina a 2005 da ta Harvey a 2017 a Amurka, dubban ɗaruruwan motoci ne ruwa ya shanye, kuma da yawa daga cikinsu an busar da su, an wanke, an sake musu takardu a wata jiha ko an fitar da su ƙasashen waje. Inji yana iya tsira daga ruwa in ba a tayar da shi a jiƙe ba. Wayoyi da ƙananan kwamfutocin da ke ƙarƙashin kujeru da kafet su ne ke mutuwa a hankali, wata bayan wata, yayin da tsatsa ke cin haƙoran soket.

An gwada gyara. Rewayan ya wanke soket-soket, ya canja guda shida, ya sa wata kwamfutar giya ta hannu. Kashi 8. Giya ta daidaita, amma fitilar jakar iska tana zuwa tana tafiya.

Dillalinsa ya ba shi shawara biyu: a goge lambobin da kwamfutar motar ke ajiyewa in ta ga matsala a ranar da mai saye zai zo, a kuma cire ƙwan fitilar jakar iska daga dashbod. Ta biyun ya ƙi. Ya ce ba zai sa wani ya ɗauki iyalinsa a motar da bai san ko jakar iskarta za ta buɗe ba. Ta farkon kuwa ya yarda, aka goge.

Mai sayen ya zo da nasa bakaniken, da ƙaramar na'ura a aljihu. Ya jona ta a ƙarƙashin sitiyari, a soket mai ramuka 16 da ake kira OBD-II, wanda doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka tun 1996, Turai kuma ta bi sahu a kan motocin fetur a 2001. Na'urar ba ta nuna matsala ba, amma ta nuna wani abu dabam. Kwamfutar mota tana da gwaje-gwajen da take yi wa kanta yayin tafiya, kuma duk lokacin da aka goge lambobi, waɗannan gwaje-gwaje suna komawa farko, sai an yi tafiyar kwanaki kafin su kammala. Na wannan motar duk ba su kammala ba. Bakaniken mai sayen ya ɗago kai ya ce, “Yau aka goge wannan.” Ba a ƙara wata magana ba, suka shiga motarsu suka tafi. Cikin mako guda labarin ya zaga tsakanin dillalai.

Motar ta yi kwantai na wata ɗaya. A ƙarshe ya rubuta duk abin da ya sani game da ita a takarda, ambaliya da mita da fitilar jakar iska, ya sayar wa wani mai sana'ar kayan gyara a kashi 60, ba la'ada. Ta tsaya masa a 84. Asara 24, jari ya koma 71, kuma 30 daga ciki ba nasa ba ne.

## Wata na 10: tsayawa

Wannan watan bai sayi komai ba. Ya kai wa yayansa littafin lissafin, ya ce, “Yaya, ga inda kuɗin suka shiga. In ka ce in dawo da naka yau, zan dawo da su.” Yayan ya duba shafukan, ya ƙara masa wata shida, da sharaɗin duk motar da zai saya sai ya fara nuna masa lissafinta a rubuce kafin ya biya.

Ya kuma je wurin tsohon maigidansa, wanda ya saurare shi har ya gama, sannan ya yi masa tambaya ɗaya: a cikin motoci ukun nan, wacce ce ya san iyakar abin da gyaranta zai ci kafin ya miƙa kuɗi? Amsar ita ce ta farko kaɗai.

Daga nan ya sayi kayan aiki na kashi 3: na'urar karanta kwamfutar mota, ma'aunin ƙarfin silinda, ruwan gwajin gasket, da ƙaramin ma'aunin kaurin fenti. Jari ya zama 68. Kaurin fentin kamfani yawanci yana tsakanin maikron 100 da 180 (maikron dubu ne milimita ɗaya), inda aka shafa fila aka rufe karo kuwa adadin kan haura ninki uku ko fiye, ko maganaɗisu ya ƙi kamawa.

Ya canja yadda yake zuwa ganin mota. Da safe yake zuwa, kuma kafin a tayar sai ya taɓa injin da bayan hannunsa, in da ɗumi ya ce zai dawo gobe. Lambar shasi ce farkon abin da yake dubawa, ya gwada ta gilashi da ta ƙofa da ta takarda, sannan ya ciro tarihi. Gwajin tuƙi ya koma kilomita 20 aƙalla, har da babbar hanya da hawa. Yana ɗaga kafet, yana leƙa ramin safayar taya, yana jan bel har ƙarshe. Motar da matsalarta ke cikin giyar otomatik ko wayoyi, ko wadda ta taɓa zafi, ya daina tayawa ko da a rabin kuɗi aka bayar.

Babban canjin a lissafi ne. Da can yakan fara da kuɗin da mai mota ya faɗa, ya yi ƙoƙarin ragewa. Yanzu daga ƙarshe yake farawa. Ya nemi farashin da aka sayar da irin motar da gaske a makonnin baya, ba wanda masu ita ke kira ba. Ya cire kuɗin gyara bayan ya ƙara rabinsa a kai domin abin da ido bai gani ba. Ya cire la'ada da hayar wuri, ya cire ribar da yake so. Abin da ya rage shi ne iyakar tayinsa, kuma yana rubuta shi a takarda kafin ya fita daga gida. Ya kuma sa wa kansa wa'adi: motar da ta kwana 30 ba ta tafi ba, zai rage farashi ko da ribar za ta tafi.

A cikin mako biyar ya duba motoci 23, bai sayi ko ɗaya daga 22 na farko ba. Wata lambar shasin ƙofarta ba ta yi daidai da ta takarda ba. Wata mitarta na nuna kilomita 80,000 amma robar fedar birki ta cinye har ƙarfe ya fito. Wata ya so ta sosai, komai nata lafiya, sai dai mai ita ya tsaya a kashi 4 sama da abin da ke rubuce a takardarsa, ya haƙura ya tafi.

## Wata na 11 zuwa na 16: motoci huɗu

Ta 23, wadda ta zama motarsa ta huɗu, ba ta da kyan gani. Inji lita 1.6, giyar hannu, kilomita 187,000, hannu ɗaya tun tana sabuwa, mai ita yana da rasidan sabis a cikin jaka. Fitilun gaba sun yi hazo, kujeru sun yi dauɗa, kulochi yana sulɓewa a hawa, shakazoban gaba suna yoyo. Ƙarfin silinda 165, 162, 168, 164. Ruwan gwaji ya tsaya shuɗi. Fenti na asali ne ban da ƙofa ɗaya.

Lissafinsa: irinta tana tafiya a 66. Gyara 8, da ƙarin rabi ya zama 12. La'ada da haya 3, riba 8. Iyakar tayi 43. Mai motar ya ce 52, shi ya taya 41, ya nuna masa kulochin da shakazoban, ya bar lambar wayarsa ya tafi. Bayan kwana uku aka kira shi, aka ƙulla a 43.

Gyaran ya ci 9 da awa 14. Bai sa wili ba, bai sa rigar kujera ba, wanki mai kyau aka yi aka goge fitilu. Tsofaffin kayan da ya cire ya zuba su a kwali ya ajiye a but. Ya haɗa 'yar jaka mai ɗauke da rasidai, hotunan aikin, adadin ƙarfin silinda, rahoton tarihi, da takarda ɗaya mai jerin abin da bai gyara ba: esi ba ya sanyi sosai a tsaye, kuma tayoyin baya sun tsufa. Ya nuna wa mai saye yadda ake karanta shekarun taya da kansa, lambobi huɗun ƙarshe a jikinta, biyu na mako biyu na shekara, kamar 3517, wato mako na 35 na 2017. Ya kuma bincika ko motar tana cikin waɗanda aka yi kiranye a mayar da su a gyara saboda jakar iskar kamfanin Takata, kiranyen da a Amurka kaɗai ya shafi jakunkunan iska kimanin miliyan 67, ya samu ba ta ciki, ya sa shaidar a jakar. Duk wanda ya zo, cewa yake yi, “Alhaji, kawo bakanikenka ya duba, ina jira.”

An sayar a kwana na 16 a kan 64, sauran kuɗaɗe suka ci 2. Riba 10, jari 78.

Ta biyar ta kawo 9 a kwana 22. Ta shida ta zo da abin da bai gani ba, yoyon mai daga bayan inji wanda sai an sauke giya ake kai wa gare shi. Gyaran ya cinye rabin da ya ware har ya ɗan wuce, motar ta kai kwana 31, ya rage farashi kamar yadda ya ƙudurta, ya fita da ribar 3. Ta bakwai wanda ya sayi ta huɗu ne ya turo abokinsa, babu dillali babu la'ada, riba 11 a kwana 12.

A ƙarshen wata na 16 jari ya tsaya a 101. Ya mayar wa yayansa 30. Hannunsa ya rage da 71, a kan 70 da ya shigo da su.

## Abin da lissafin ya nuna

A ganina ƙwarewarsa a gyara, wadda ya ɗauka ita ce jarinsa na gaskiya, ita ta fara jefa shi a rami. Domin ya san zai iya gyara komai, bai damu ya san iyakar ciwon ba kafin ya saya. Kulochi da shakazoba da koyil ciwo ne mai iyaka, ana iya faɗin kuɗinsu kafin a kwance kusa ɗaya. Zafin inji da ruwa a wayoyi ba su da iyaka sananniya, kowane gyara buɗe ƙofar na gaba yake yi. Motar farko ta faɗa rukunin farko ne bisa sa'a, shi ya sa bai ga bambancin ba sai bayan asarar kashi 37 a mota biyu. Kayan aunawa na kashi 3 da zuwa da safe da sun tona asirin ta biyu cikin rabin awa, rahoton lambar shasi da ya tona na ta uku kafin ma ya je ganinta.

Kuskuren da na fi ɗora masa shi ne goge lambobin nan. Sauran rashin sani ne, wannan kuwa da saninsa ya yi, kuma da mai sayen bai zo da na'ura ba, da asarar ta koma kan wanda bai ji ba bai gani ba. Ƙin cire ƙwan fitilar da ya yi abin yabo ne, amma gogewar ma ɓoye aibu ce.

Jakar takardun nan ta fi kwalliyar kashi 5 da ya yi wa ta uku amfani nesa ba kusa ba, kuma akwai dalili. Masanin tattalin arziki George Akerlof ya bayyana shi tun 1970, a wani rubutu kan kasuwar motocin hannu wanda yana cikin abin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 2001: mai sayarwa ya san motarsa, mai saye bai sani ba, saboda haka mai saye yakan rage tayinsa a kan kowace mota domin tsoron kada ya faɗa wa marar kyau. Kwalin tsofaffin kaya da jerin abin da ba a gyara ba suna rage wannan tsoron, shi ya sa motocin ƙarshe suka tafi cikin kwana 12 zuwa 31, inda ta biyu ta kwana 104.

Ribar kashi 33 da motoci huɗun ƙarshe suka kawo cikin kusan wata shida ba tsantsar riba ba ce. In aka cire ladan aikin hannunsa da kwanakin da ya ɓata yana duba motocin da bai saya ba, wajen kashi ɗaya cikin uku zai tafi. Motoci huɗu kuma ba su isa a ce an tabbatar da komai ba, ta shida ta nuna cewa ko da awo, wani abu yana iya ɓuya. Burin kashi 15 a kowace mota bai taɓa cika ba ko sau ɗaya.

A yanzu bai bar garejinsa ba, aikin mutane ne ke ciyar da gidansa. Mota ɗaya yake riƙewa a lokaci guda, mai giyar hannu, kuma da jarin 71 ba ya taya wadda ta wuce 50. A littafinsa ya ƙara layi ɗaya a ƙarƙashin kowace mota, inda yake rubuta awannin da ta ci.